Ƙaramin kirefish na roba: kamanninsa ke jawo kifi, ko hannun mai fatsa?

Aminu

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan fanni. Na sayi ƙunshin ƙananan koton roba masu siffar kirefish, wato dabbar nan mai kama da jatan lande amma mai hannuwa biyu irin na ƙaguwa, kowanne tsawonsa inci 2 da rabi. An ƙera su da kyau ƙwarai, har da ido da gashin baki da ƙafafu. Na fita da su sau 3, kuma duka-duka kifin bas 2 na kama, wato kifin nan na ruwan daɗi mai farautar ƙananan halittu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a fitar ƙarshe wani dattijo ya tsaya kusa da ni da guntun tanar roba da ya yanke da wuƙa, wadda ba ta kama da komai, kuma a gaban idona ya fitar da kifi fiye da 10. Shin in nemi wani koton da ya fi wannan kama da na gaske, ko kuwa matsalar tana wani wuri dabam?

Malam Habu

Wa alaikumus salam, Aminu. Kafin in ce komai, gaya mana nauyin dalmar da ke kan ƙugiyarka, da kaurin zarenka, da kuma abin da kake yi da zarar koton ya faɗa ruwa.

Aminu

Malam, kan dalmar giram 7 ne, zaren kuma na nailan ne mai ɗaukar laba 12. Idan na jefa, nakan jira ya taɓa ƙasa, sai in riƙa fizgar sanda ina naɗewa domin hannuwan koton su riƙa kaɗawa.

Malam Habu

To, ƙanena, ka bar kuɗinka a aljihu, domin koton da ke hannunka ba shi da laifi. Ka ɗauki ƙaramin koto ne ka ɗora masa kayan babba. Giram 7 a kan roba mai inci 2 da rabi yana sa ta nutse kamar tsakuwa, ta caki laka, kuma duk fizgar da ka yi sai ta yi tsalle mai nisa wanda babu wata dabbar ƙasan ruwa da ke yin irinsa sau 20 a jere.

Wannan salo da nake kira fatsar lallami an gina shi ne a kan rage komai. Ƙugiyar da aka fi amfani da ita ƙarama ce, mai faffaɗan kai kamar na ƙusa, nauyinta kashi 1 cikin 16 na oza, wato ƙasa kaɗan da giram 2, kuma a ruwan da bai kai mita 2 ba wasu kan sauko har zuwa rabin wannan. Da irin wannan nauyi koton ba ya faɗuwa, sauka yake yi a hankali, kuma a cikin wannan saukar ne kifaye da yawa suke ɗauka.

Dattijon da ka gani yana yin abin da masu fatsa na yankin Kansas a Amurka suka daɗe suna yi. Tun zamanin Chuck Woods suke yanka tanar roba suna soka ta a ƙaramar ƙugiya, daga baya Ned Kehde ya yi ta rubutu a kai har aka laƙaba wa ɗaurin sunansa, ake cewa ɗaurin Ned. Wani abin da mutane ke mantawa shi ne, Kehde ba ya son ya ji koton a hannunsa kwata-kwata. A ganinsa, idan kana jin dalma tana bugun kowane dutse, to ta yi nauyi. Hanyar da ya fi yawan bayyanawa ita ce a bar koton ya riƙa shawagi ɗan sama da ƙasan ruwa, ana ɗan girgiza bakin sanda, zaren kuma da ɗan sako-sako.

A ruwan da mutane suka yawaita, kifi na ganin ka, mai jar koma. Ya sha ganin manyan kotuna masu ƙara da walƙiya, wataƙila ma an taɓa kama shi an sake. Abin da bai koyi tsoronsa ba shi ne ƙaramin abu marar hayaniya da ke tafiya kamar bai san da shi ba.

Malama Rabi

Ina so in ƙara a kan bayanin Malam Habu ta fuskar halin dabbar kanta, domin wanda zai kwaikwayi abu ya kamata ya taɓa zama ya kalle shi. Kirefish yana da tafiya iri biyu. Idan hankalinsa a kwance yake, yana rarrafe gaba a kan ƙafafunsa, sannu a hankali, yana tsayawa yana tsintar abinci tsakanin duwatsu. Idan ya firgita, sai ya naɗe jelarsa da ƙarfi ya harba da baya, sau 2 ko 3, sannan ya sake sauka ya nemi maɓoya. Wannan ne dalilin da ya sa ake shigar da ƙugiya ta wajen jela, hannuwan suna baya, domin idan ka ja ya zama kamar mai gudu. Amma gudun nan ɗan kaɗan ne a cikin yininsa, mafi yawan lokacinsa a tsaye yake ko a ɓoye, kuma ya fi fitowa da dare. Abin da Aminu ke nuna wa kifi shi ne kirefish da ke gudu ba tsayawa tun daga inda ya faɗa har bakin gaɓa.

Game da hannuwa kuwa, a nan ne nake ganin masu ƙera koto suna sayar wa mai saye abin da ke burge shi, ba abin da ke burge kifi ba. Hannuwan nan makami ne. A binciken da masanin kifi Roy Stein ya wallafa a 1977 a kan bas mai ƙaramin baki, kifin ya fi zaɓen kirefish ƙanana, da masu ƙananan hannuwa, da waɗanda suka yi saɓa ba da jimawa ba, jikinsu bai riga ya yi tauri ba. Haka kuma a gwajin da aka yi a ɗakin binciken kamfanin Berkley mai ƙera kayan fatsa, koton da aka cire wa hannuwa ya fi mai cikakkun gaɓoɓi samun cafka. Saboda haka guntuwar tanar dattijon nan, wadda Aminu ya ce ba ta kama da komai, a idon kifi tana iya zama kirefish marar makami.

Alhaji Tanimu

Na karanta duka, kuma da girmamawa ban gamsu ba. Malam Habu, kai ka kawo sunan Kehde, to ka faɗa musu sauran: mutanen nan burinsu shi ne su kama kifi 101 cikin awa 4. Wanda ke ƙirga kifi haka ba girma yake nema ba. Ni na fi son in wuni in kama 2 masu nauyi da in kama 40 da ba su fi tafin hannu ba.

Na biyu, siririn zare zalunci ne ga babban kifi idan an yi sa'a ya ci. Za ka shafe mintuna kana ja yana ja, har ya galabaita, musamman idan ruwa ya yi ɗumi kuma iskar da ke cikinsa ta ragu, sannan ka sake shi kana ganin ka kyauta. Idan kuma ya tsinke, ya tafi da ƙugiya a baki. Na uku, a wurin da nake fatsa ciyawa ce da rassan itace, ƙugiyar da bakinta ke waje ba ta yin jifa 2 ba ta sarƙe ba. Malama Rabi kuma, idan har hannuwa korar kifi suke yi, me ya sa babban koto mai manyan hannuwa yake kama mini manyan bas shekara da shekaru?

Malama Rabi

Alhaji, ban ce suna korar kifi ba. Bas mai kilo 2 ba ya tsoron hannun kirefish, haɗiye shi yake yi gaba ɗaya. Abin da na ce shi ne, idan an ba kifi zaɓi yakan ɗauki mafi sauƙi, kuma ba cikar kamanni ce ke sa ya ci ba. Akwai kuma bambanci tsakanin kifin da ke cikin tankin gwaji da wanda ke kwance a duhun ciyawa, wanda sai abu ya motsa ruwa sosai kafin ya san da shi. A can, manyan hannuwa suna da aikin yi.

Injiniya Lawal

Ina ganin hannuwan suna da wani amfani da ba a ambata ba, kuma bai shafi kamanni ba. Suna tare ruwa. Ka ɗauki koto 2 a kan dalma mai nauyi ɗaya, ɗaya guntuwar tana, ɗaya kirefish mai hannuwa, ka sake su a bokiti ko a bakin ruwa mai haske, za ka ga mai hannuwan ya fi jinkirin sauka, kuma yana sauka a miƙe, ita kuwa tanar takan karkata ta yi kewaye. Saboda haka ranar da iska ta tilasta mini ƙara nauyi zuwa kusan giram 3, nakan koma ga kirefish domin ya rage mini saurin faɗuwa.

Irin robar ma tana da tasiri. Robar da aka saba da ita tun lokacin da Nick Creme ya fara zuba tanar roba a Ohio a 1949 ba ta cika tsayuwa a ƙasan ruwa ba, kuma idan an cika ta da gishiri sai ta kwanta shame-shame. Robar ElaZtech ta kamfanin Z-Man kuwa tana taso wa ruwa, don haka idan kan dalma ya zauna a ƙasa sai jikin ya miƙe tsaye, hannuwan suna sama, kuma ɗan motsin ruwa kaɗan ya isa ya kaɗa su ba tare da ka taɓa sanda ba. Gargaɗi ɗaya: kada a haɗa ta a akwati ɗaya da robar gargajiya, domin suna narkar da juna su zama dunƙule mai danƙo. Na yi wannan asara sau ɗaya, ta ishe ni darasi. A bar ta a cikin ledarta.

Kan batun zare, Aminu, laba 12 na nailan ba zai jefa giram 2 ko'ina ba, kuma zai kwanta a ruwa kamar baka, ya riƙa ɗaga koton. Abin da nake yi shi ne in cika kwarkwaro da siririn saƙaƙƙen zare mai ɗaukar laba 10, sannan in ƙulla masa guntun zaren fuloro, wato wani zaren roba garai-garai mai kama da nailan, mai laba 6, kimanin mita 1 da rabi zuwa 2. Saƙaƙƙen ba ya miƙewa, saboda haka kana ganin taɓi mafi ƙanƙanta, fuloro kuma yana nutsewa kuma ya fi jure gugar dutse. Ana yawan cewa kifi ba ya ganin fuloro sam. Wannan ƙari ne. Ma'aunin yadda yake lanƙwasa hasken da ya ratsa shi kusan 1.42 ne, na ruwa 1.33, na nailan kuma ya haura 1.5, wato ya fi nailan kusa da ruwa amma bai zama ruwa ba. Ni siririntarsa da nutsewarsa nake saye.

Alhaji Tanimu, a kan tsinkewa, yawancin zaren da na ga ya tsinke birkin kwarkwaro ne aka ɗaure tamau, ko kuma ƙulli ne ba a jiƙa ba kafin a ja shi. Idan aka daidaita birki ya fara saki a kusan kashi 1 cikin 4 na ƙarfin zaren, kuma sandar tana da taushin baki, laba 6 yana fitar da bas mai kilo 2 a buɗaɗɗen ruwa cikin ɗan lokaci. Ƙugiyar siririya ce, ba ta buƙatar fizga mai ƙarfi, ɗaga sanda da naɗewa sun isa su shigar da ita.

Malam Habu

Alhaji, a kan ciyawa da itace na ba ka gaskiya ɗari bisa ɗari. Wannan salo na tsakuwa ne, da dutse, da gangaren gaɓa, da ruwa mai haske. Akwai ƙugiyoyi masu ɗan waya a gaba da ke kare baki, kuma ana iya ɓoye bakin ƙugiya a jikin robar irin ɗaurin Texas, amma ko ka tsira daga sarƙewa, ba za ka iya jawo babban kifi daga cikin rassa da laba 6 ba. Wanda ya kai siririn zare can shi ya jawo wa kansa.

A kan girma kuwa ban yarda ba. Gaskiya ne ƙananan kifaye sun fi yawa a cikin abin da ake kamawa, amma ai su suka fi yawa a cikin ruwan. Babban koto tace su yake yi, shi ya sa kake ganin kamar manya yake kira. Akwai ranakun da manyan ba sa bin komai: bayan sanyi ya sauko kwatsam, ko tsakar rana ruwa ya kwanta kamar madubi, ko lokacin da zafin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10, jikin kifi ya mutu, ba ya son kashe ƙarfi. A irin waɗannan ranaku babban kifin da ba zai yi mita 1 domin koto ba yakan buɗe baki ya zuƙe ƙaramin abin da aka ajiye a gaban hancinsa. Manyan kifayen da na kama a ruwan sanyi kusan duka koton yana tsaye suka ɗauka, ina ƙirga daƙiƙa 10 ko 15 ban motsa ba.

Alhaji Tanimu

Wannan tsayawar ita ce ƙorafina na huɗu. Zare sako-sako, koto ƙarami, mai fatsa yana ƙirga daƙiƙu: kafin ya farga kifi ya haɗiye har maƙogwaro. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba.

Malam Habu

Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma shi ne babban aibin salon a hannun wanda bai ƙware ba. Maganinsa ido. Ba a jiran a ji cizo a hannu, zare ake kallo a daidai inda ya shiga ruwa, shi ya sa da yawa suke zaɓen saƙaƙƙen zare mai launin ruwan ɗorawa. Idan ya yi ɗan tsalle, ko ya fara tafiya gefe, ko ya daina nutsewa tun bai kai zurfin da ka sani ba, to kifi ne, ka ɗaga sanda nan take. Ni kuma nakan danne ƙayar ƙugiya da awartaki, ta yadda ko ta shiga ciki za ta fito ba tare da yaga ba. Nakan rasa kifi 1 ko 2 a dalilin haka, kuma na yarda da wannan ciniki.

Sa'idu

Ina bin muhawarar tun farko. Tambayata ga Malama Rabi ita ce, idan ruwan da mutum ke fatsa babu kirefish a cikinsa ko ɗaya, akwai ma'ana a jefa koto mai siffarsa?

Malama Rabi

Akwai, Sa'idu. Kirefish ya haura iri 600 a duniya, mafi yawansu a Arewacin Amurka, kuma babban yankin Afirka ba shi da na asali ko ɗaya, sai tsibirin Madagaska. Inda ake samun sa, kamar tafkin Naivasha a Kenya, kai shi aka yi. Amma kusan kowane ruwan daɗi yana da ƙananan halittu masu rarrafe a ƙasa: 'ya'yan mazari kafin su yi fiffike, ƙananan ƙaguwa, jatan lande, da kifayen da ke lafewa a kan tsakuwa. Kifi mai farauta ba ya tantance suna, abin da yake gani shi ne abu mai girman loma, mai launin ƙasa, mai motsi kamar mai rai. Shi ya sa launukan da suka fi aiki a ruwa mai haske su ne kore mai duhu da ruwan ƙasa, a ruwa mai dauɗa kuma baƙi ko baƙi da shuɗi, domin inuwarsu ta fi fitowa. Ja kuwa shi ne launin da ruwa ke fara shanyewa, bayan 'yan mitoci ya koma duhu.

Tunda an zo nan, ina roƙon kada wani ya ɗauki kirefish mai rai daga wani ruwa ya kai wani domin koto. Nau'o'in Amurka da aka kai Turai suna ɗauke da cutar da ta kusa ƙarar da na asalin can a koguna da yawa, kuma jan kirefish na Louisiana ya zama annoba a wurare da dama da aka sake shi. Ta wannan fuska na roba ya fi aminci nesa ba kusa ba.

Injiniya Lawal

Ya fi aminci, amma shi ma yana barin shara. Duk wanda ke jan ƙugiya a kan dutse zai rasa wasu, kuma ƙananan dalma su ne daidai girman da tsuntsayen ruwa ke haɗiya a matsayin tsakuwa. Wannan ne ya sa Birtaniya ta hana yawancin ƙananan dalmar fatsa a 1987, bayan mutuwar manyan agwagin ruwa masu dogon wuya, kuma jihar New Hampshire a Amurka ta hana kan dalma mai nauyin oza 1 ko ƙasa da haka. Mai fatsa ya binciki dokar inda yake. Madadinta ƙarfen tungstin ne, wanda ya fi dalma nauyi sosai a girma ɗaya, sai dai a wannan salon ƙanƙantar kan tana ƙara saurin nutsewa, don haka sai a rage nauyi. Robar da ta yage kuma a saka ta a aljihu, domin kifi yana tsintar ta a ƙasa kuma cikinsa ba ya narkar da ita.

Idan ƙugiya ta maƙale a dutse, kada a ja da ƙarfi. A ɗan ja zaren da yatsa kamar tsirkiyar baka a sake shi farat ɗaya, ko a koma ɗaya gefen a ja ta inda ta shiga. Kai mai sauƙi yakan fito, mai nauyi ne ke cusa kansa cikin tsaga.

Aminu

Na dawo da rahoto bayan mako guda. Na sauya zuwa kai mai kusan giram 2, da saƙaƙƙen zare da guntun fuloro kamar yadda Injiniya ya bayyana. Awa ta farko ta yi mini wuya, domin ban ji komai a hannuna ba, kuma sau da yawa na kama kaina ina fizga kamar da. Da na fara ƙirgawa kafin in motsa, sai zaren ya yi gefe. Na kama 7 cikin awa 3. Domin in gwada maganar Malama Rabi, na riƙa sauyawa duk rabin awa tsakanin koto mai hannuwa da wanda na cire wa hannuwa: marar hannuwa ya kama 4, mai hannuwa 3. Ɗaya ya haɗiye sosai, amma da yake na danne ƙayar, ƙugiyar ta fito lafiya. Na rasa kai 2 a dutse.

Malama Rabi

Madalla. Sai dai 4 da 3 ba su raba gardama ba, kifi ɗaya ne tsakaninsu. Ka ci gaba da rubutawa har fita 10, tare da zafin ruwa da haskensa a kowace rana.

Alhaji Tanimu

Barka, ɗana. Amma ba ka gaya mana nauyin babban cikinsu ba.

Aminu

Alhaji, bai kai rabin kilo ba.

Malam Habu

A bakin gaɓa ka tsaya, inda ƙananan suke. Fita ta gaba ka nemi wurin da tsakuwa ta haɗu da laka, ko inda gangare ya faɗa daga mita 2 zuwa 4, ka jefa a tsawon gangaren maimakon ka ratsa shi, domin koton ya daɗe a zurfi ɗaya. Idan iska ta hana ka ganin zare, ka sauke bakin sanda kusa da ruwa kafin ka yi tunanin ƙara nauyi. Alhaji kuma, idan zai yarda, ya ba mu rana ɗaya a ruwan sanyi da sandarsa mai kauri, kai da taka siririya, kowa ya kawo ma'auni.